Yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya

Mai gina rijiya da allura, in ya ce kullum sai ya auna zurfin raminsa kafin ya kwanta, ba zai kai mako ba zai yar da allurar. Abin da ya tono a yini bai cika tafin hannu ba. Hikimar karin maganar nan ba ta tsaya ga naci ba, har da sanin abin da za a auna da lokacin da ya dace a auna shi.

Masu yoga na Indiya sun daɗe da wannan darasi. B.K.S. Iyengar, wanda aka haifa a 1918 a ƙauyen Bellur, ya taso cikin jinya: zazzaɓin cizon sauro, taifot, tarin fuka. Mijin yayarsa, Krishnamacharya, ya kai shi Mysore don ya koya masa yoga yana ɗan saurayi, a lokacin ko yatsun ƙafarsa ba ya iya taɓowa in ya sunkuya. Sai a 1966 ya fitar da littafin da ya sa duniya ta san shi, bayan shekara talatin da ɗoriya a kan tabarma.

Yau kuwa ɗalibi da yawa hoto ne ma'auninsa: bara goshina bai kai gwiwa ba, bana ya kai. Ban raina wannan ba, amma ai rijiya ruwa ake nema a cikinta, zurfi hanya ce kawai. A tsarin yoga mai rassa 8 na tsohon malami Patanjali, zaman jiki shi ne na uku, sarrafa numfashi na huɗu, tattara hankali da nutsuwa suna gaba. Saboda haka malamin kirki numfashi yake saurara. Yana sarƙewa in zama ya yi wuya, ko yana fita a natse? Haƙora a cije suke? Barci ya gyaru? Fushin da kan kwana a zuci, yanzu awa nawa yake yi?

Ga kuma tsufa, wanda yake rusa ma'aunin hoto gaba ɗaya. Gaɓoɓi sukan ƙage, abin da jiki ya yi a shekara talatin ya ƙi yi a sittin. Iyengar ya shigo da katako, ɗamara da bargo cikin koyarwarsa don tsoho da mara lafiya su samu shiga, shi kansa kuma bai bar atisaye ba har ya haura shekara 90. Ya rasu a Pune a 2014.