Kuɗin Shinge: Ina Zunubin Yake?

Karatu: Luka 3:10-14

Ɗan'uwana mai karatu, kana jin daɗin albasa a miya, amma ka taɓa tunanin wanda ya ɗauko ta? Direban da ya yi lodi a Galmi zai bi ta Birnin Ƙonni, ya tsaya wurin 'yan duwan, ya ƙetara Illela wurin 'yan kwastan, sa'an nan ya kama hanyar Sakkwato zuwa kudu. Barcinsa a kan tabarma ne a gindin mota, shi da yaron motarsa. Lahadi takan same shi nesa da ikkilisiyarsa. Sa'ad da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, direbobi da yawa sun zauna ba aiki, iyali kuwa suna jiran abinci.

Akwai tambayar da ke damun direba mai tsoron Allah. A shingen hanya akan miƙo masa hannu. In ya ƙi bayarwa, sai a ce ya ajiye motar a gefe. Albasa kuwa ba ta jira, zafin rana yana ruɓar da ita, kayan kuma na wani ne. To, in ya bayar, ya yi zunubi?

Bari mu rarrabe, gama kuɗin da ke fita daga hannun direba iri uku ne.

Na fari, kuɗin da doka ta sa, wanda ake ba da rasit a kansa. Wannan hakkin hukuma ne. A Romawa 13:7 manzo Bulus ya umarce mu mu biya haraji da kuɗin fito ga wanda ya wajaba.

Na biyu, kuɗin da direba yake bayarwa domin ma'aikaci ya kau da kai daga laifi: lodi ya wuce ƙa'ida, takardun mota sun mutu, birki ba shi da kyau, ko an ɓoye kayan fasa-ƙwauri a ƙarƙashin buhuna. Wannan cin hanci ne, mai bayarwa da mai karɓa duka suna da alhaki. Fitowa 23:8 ta nuna mana toshiya takan rufe idon mai gani. Motar da aka saya wa hanya da birki marar kyau, ita ce za ta iya hallaka 'ya'yan wani gobe.

Na uku shi ne mai wuya. Takardu cikakku ne, lodi daidai, duk da haka an tsare ka sai ka ba da “na goro”. A nan ba ka sayi kome ba, ƙwace aka yi maka. Lura da karatunmu na yau. Yahaya Maibaftisma ya gargaɗi masu karɓar haraji kada su ɗora kome a kan abin da aka ƙayyade, ya kuma hana sojoji ƙwace da ƙazafi. Masu iko ya tsawata wa. Nauyin wannan laifi yana wuyan mai karɓa.

Amma kada ka yi saurin kwantar da rai. Gwamna Filikus ya yi ta sa ran Bulus zai ba shi kuɗi, Bulus kuwa ya shekara biyu a tsare a Kaisariya, bai sayi 'yancinsa ba (Ayyukan Manzanni 24:26-27). Gaskiya ne, Bulus wahalar kansa ya ɗauka, kai kuwa amanar wani ce a bayan motarka. Duk da haka akwai hatsari. Hannun da ya saba miƙawa tun ba a tambaya ba, wata rana zai miƙa domin rufe laifi, zuciya ba za ta ƙara jin kome ba.

Saboda haka, ɗan'uwa direba, ka gyara takardunka da motarka kafin ka tashi, domin kada wani ya sami abin kamawa. Ka nemi rasit da ladabi. Kada ka zama mai fara tayi. In mai mota ya ba ka kuɗin hanya, ka kawo masa lissafi na gaskiya. Wanda ya kashe jika biyar ya ce goma, ya yi wa maigidansa abin da aka yi masa a shinge.

Kai mai kaya, kada ka tilasta wa direba lodin da ka san ba zai wuce ba sai da toshiya. Kai ma'aikacin iyaka da ke cikin ikkilisiya, ka tuna daga wurin karɓar haraji Yesu ya kira Matiyu. Zakka kuma, da ya sadu da Ubangiji, ya yi alkawarin mayar da riɓi huɗu ga duk wanda ya zalunta. Mu da muke gida, mu riƙa ziyartar iyalan direbobinmu, mu daina saurin yanke musu hukunci.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka kiyaye bayinka a kan hanya. Ka ba su hikimar rarrabe hakki da toshiya, ka taɓa zukatan masu tsaron iyaka, ka komo da matafiya gida lafiya. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.