Shin Mai Ƙaga Labari Maƙaryaci Ne?

Akwai tambayar da ba ta cikin manhaja, amma da wuya shekara ta wuce ba ta taso a ajin da nake koyar da ƙagaggun labarai ba. An gama bayanin jigo, an shiga zubi da tsari, an ba kowa aikin gajeren labari, sai wani ɗalibi, galibi cikin masu natsuwar nan da suka yi karatun allo har suka shiga littattafai, ya ɗaga hannu: “Malam, abin nan da za mu rubuta bai faru ba. Anya ba ƙarya ba ce?” Ba na ɗaukar tambayar da wasa. Tsoron Allah ne ya sa shi yin ta, kuma yana da madogara, domin hadisi ya zo a littattafan Abu Dawuda da Tirmizi da kakkausan gargaɗi ga mai shirga ƙarya don ya ba mutane dariya. Yaron da ya ji wannan a islamiyya ranar Asabar, ranar Litinin kuma aka ce ya ƙirƙiro mutum, ya raɗa masa suna, ya ba shi gari da mata biyu, dole gabansa ya faɗi.

Tambayar ta girme mu duka. A 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya yana neman masu shiga gasar rubuta labarai, babban aikin da ya sha shi ne shawo kan malamai. A wurinsu alƙalami na ilimi ne da wa'azi, tatsuniya kuwa ta mata ce da yara bayan an ci tuwon dare. Duk da haka wannan yunƙuri ne ya ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Waɗanda suka rubuta su kuwa ba 'yan tasha ba ne. Abubakar Imam da wansa Bello Kagara a gidan malanta suka tashi, Bello ma daga baya shi ya zama Walin Katsina.

Amsar da nake bayarwa daga ma'anar ƙaryar take farawa. Maƙaryaci yana faɗin abin da ba haka yake ba, yana so ka ɗauka haka yake. Kakarmu kuwa in ta ce “ga ta nan, ga ta nanku,” muka amsa “ta zo mu ji ta,” an ƙulla yarjejeniya ke nan tsakaninmu. Ba wanda ya kwana yana zaton Gizo na da gona a bayan gari. In ta gama ma sai ta jingina wa Gizo ƙaryar, ta kakkaɓe zaninta ta tashi. Ba wanda aka yaudara. Haka malaman zaure da suka ƙi tatsuniya suka daɗe suna karantar da Muƙamar Hariri, alhali muƙamomin nan hamsin a kan Abu Zaidi da Harisu ɗan Hammamu aka gina su, mutum biyun da Hariri ya saka wa magana a baki yadda ya ga dama. Shi kansa Hariri, wanda ya rasu a 1122, ya hango masu zargi, shi ya sa tun a gabatarwa ya kare kansa da labaran dabbobi masu magana waɗanda ba a taɓa ɗora wa masu ba da su zunubi ba, ya kuma mai da al'amarin ga niyya. Har yau malamai sun saɓa. Akwai masu ƙyamar ƙagaggen labari gaba ɗaya, kuma ɗalibin da ya zaɓi bin su ba na tilasta shi. Sai in ce ya rubuto mini labarin kakansa.

To amma in na tsaya nan na cuci ɗaliban, domin marubuci yana iya yin ƙarya sarai, kuma tasa ta fi ta mai ba da dariya nisan zango. Mai karatu ya yafe maka cewa Hajiya Talatu ba ta taɓa rayuwa ba. Abin da bai yafe ba, abin da ma ya ba ka amana a kansa, shi ne yadda mutane suke da yadda duniya take tafiya. A nan ne yake gaskata ka, a nan ne kuma kake da ikon yaudararsa. Duk ginshiƙan da muke haddacewa don jarrabawa, taurari da zubi da wuri da jigo, kowannensu wuri ne da marubuci zai faɗi gaskiya ko ya yi ha'inci.

Ɗauki tauraro. Labaran da ɗalibai suke kawo mini cike suke da yarinya marainiya, kyakkyawa, mai haƙuri, wadda ba ta taɓa jin haushi ba ko sau ɗaya, da kishiyar uwa wadda tun shafin farko take hanyar gidan boka. Ni ban taɓa ganin ɗayansu ba, ku ma ba ku taɓa ba. Mai haƙurin da na sani tana kuka a banɗaki, wani lokaci ta yi mugun fata a zuci sannan ta yi istigfari. Muguwar da na sani tana azumin Litinin da Alhamis, tana son 'ya'yanta kamar ranta, kuma wannan son ne yake tura ta zaluntar ɗan wata. Wanda ya share wannan ya koya wa mai karatu cewa sharri a fuska ake ganinsa, kuma a gidan wasu yake, sai mutum ya rufe littafin yana ganin kansa fes. Dubi Jiki Magayi. Abubakar ne aka zalunta, Malam Shaihu ya sa kuɗi ya raba shi da Zainabu, mai karatu yana bayansa ɗari bisa ɗari. Sai ramuwar gayya ta ja shi har ya lalata rayuwar ɗan Malam Shaihu, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, yaron ya tashi ɓarawo, ya kai ga kashe mahaifinsa bai sani ba. Ka rasa inda za ka ajiye tausayinka. Haka zuciyar ɗan Adam take, littafin bai rage mata komai ba.

Zubi kuwa, wato yadda wannan abu yake haifar da wancan, ban san inda ake koyonsa ba kamar Suratu Yusuf. In faɗa tun da wuri: wannan ƙissa wahayi ce, gaskiya ce tsantsa, ba na jera ta da ƙagaggen labari. Amma Alƙur'ani da kansa ya kira ta mafi kyawun labari, saboda haka ba laifi mai koyon ba da labari ya zauna gabanta da ladabi ya ga yadda aka jera ta. Nakan ce wa ɗalibai su bi riga kawai. Riga ce 'yan'uwa suka shafa wa jinin ƙarya suka kai wa Annabi Yaƙubu. Riga ce ta yage ta baya a gidan Azizu, ta zama shaidar da ta wanke Annabi Yusuf. Riga ce kuma aka ɗauko daga Masar aka jefa a fuskar uban, ganinsa ya dawo. Tufa ce, abin da kowa ke sawa, ta fito sau uku, kowane karo ta juya akalar labarin. Mafarkin da yaro ya faɗa wa mahaifinsa a farkon sura shi ne ya tabbata a ƙarshenta, cikin ayoyi 111, kuma tsakanin nan ba abin da ya faɗo daga sama haka kawai: hassada ta kai shi rijiya, rijiya ta haɗa shi da ayari, ayari ya kai shi gidan da aka yi masa sharri, kurkuku ya haɗa shi da mai shayar da sarki. Ƙaddara ce daga farko har ƙarshe, amma ta hanyar sababi ta bi, ta hannun mutane masu so da ƙi da mantuwa.

Wannan nake tunawa duk lokacin da ɗalibi ya rasa yadda zai ƙare labari ya aiko da tirela ta murƙushe mugu a shafin ƙarshe, ko wani attajiri ya ɓullo daga Abuja ya auri marainiya. In na yi magana sai ya ce, “Malam, ai ikon Allah ne.” Ikon Allah ne mana, wa ya musa? Sai dai a cikin labarinka kai ne ka turo motar, don ka gaji da tunani, sannan ka laƙaba wa ƙaddara. Wannan ya fi damuna fiye da kowane kuskuren nahawu, saboda yana koya wa yara abin da addini bai ce ba, wato duk mai haƙuri sai an biya shi a nan duniya, da mota da gidan sama, kafin a rufe littafi. Yarinyar da ta girma da wannan alkawari, ta yi haƙurin shekara da shekaru ba ta ga attajiri ba, me za ta zata game da Ubangijinta? Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, bai yi wa masu karatunsa haka ba. Uwar Shaihu Umar ta bar gida ta keta sahara tana neman ɗanta, aka ci amanarta, aka bautar da ita, ba ta sadu da shi ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ta rasu jim kaɗan bayan haɗuwarsu. Ba ta yi laifin komai ba. Marubucin ya bar ladanta inda yake, bai ƙwato shi ya raba da hannunsa ba.

Ba cewa nake kada mugu ya ga sakayya a labari ba. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, Alhaji Abdu ya ga tasa. Amma kafin nan mun ga Rabi da 'ya'yanta tara bayan an kore su, mun ga tana dafa abincin sayarwa don ta riƙe su, mun san nauyin abin da aka yi mata.

Wuri da lokaci ba sa buƙatar dogon bayani. In ba ka taɓa shiga jirgi ba, bar taurarinka a Kurmi ko a tashar Sabon Gari, inda ka san warin wurin da irin maganar da ake yi. Jigo kuma kada ka rubuta shi a goshin labari. In taurarin na gaske ne, sababin ya ƙullu, mai karatu zai tsinto shi da kansa.

Saura haɗari guda, kuma a kansa ina tare da masu tsanani ba ja da baya. Ɗalibi ya ɗauko matar kawunsa sukutum, da tsagen fuskarta da irin tafiyarta da sirrin gidanta, ya canja harafi ɗaya a sunanta ya ce ƙagagge ne. Duk unguwa za ta gane ta. In abin da ya faɗa gaskiya ne ya yi giba, in ƙari ya yi ya zama ƙazafi, kuma rubutu ya fi baki daɗewa, balle yanzu da labari ke yawo a WhatsApp kafin tawada ta bushe. Irin wannan ba na ba shi maki, mayar masa nake yi.

Mai muguwar kishiyar uwa kuwa aiki nake ƙara masa. Nakan ce ya koma ya sake rubuta fitowar da ta hana marainiya abinci, amma wannan karo daga bakin ita matar, da “ni” za ta yi magana, kuma ba a yarda ta ce “ni muguwa ce” ba, tunda ba mai faɗa wa kansa haka. Dole ya nemo abin da take gaya wa zuciyarta lokacin da take rufe tukunyar: kwanon shinkafa nawa maigida ya bari, bakuna nawa ke jira, wace magana dangin miji suka jefa mata ranar suna. Yawancinsu sukan dawo su ce aikin ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba, wasu kuma su nemi izinin canja ƙarshen labarin gaba ɗaya, don sun kasa tura mata tirelar.