Wanda Ya So Fure, Ya Tsinke Shi Ko Ya Bar Shi?

Mai karatu, in kana cikin masu bin finafinan Amurka, ƙila ka taɓa cin karo da wani fim mai suna Adaptation, wanda ya fito a 2002. Spike Jonze ne daraktan, Charlie Kaufman ya rubuta labarin, Nicolas Cage da Meryl Streep suka ja ragamar wasan. Amma wanda ya tafi da hankalin 'yan kallo shi ne Chris Cooper, da ya fito a matsayin wani mai wawulo, sarkin surutu, wanda ke kutsawa cikin fadama ruwa iya ƙugu don ya sato fure. Rawar da ya taka ta ba shi kyautar Oscar a 2003.

To, ɓarawon furen nan ba ƙirƙirar marubuci ba ne. Sunan sa John Laroche, kuma an kama shi da gaske a jihar Fulorida tare da wasu mutum uku 'yan ƙabilar Seminole, sun fito daga gandun Fakahatchee da buhunan tsirrai. 'Yar jarida Susan Orlean ta bi shari'ar, ta yi rubutu a kai a 1995, daga baya ta faɗaɗa shi ya zama littafin The Orchid Thief a 1998. Daga littafin aka ciro fim ɗin, ko da yake rabin sa na ƙarshe, da harbe-harbe da batun ƙwaya, duk ƙarin gishirin Kaufman ne.

Abin da ya kai Laroche fadama wani fure ne daga dangin da ake kira okid. Wannan nau'in ana yi masa laƙabi da fatalwa, don ba ya da ganye ko ɗaya, sai saiwoyi manne a jikin bishiya, in ya yi fure sai ka ga wani farin abu kamar yana lilo a iska. A Fulorida da Kuba ake samun sa. Da aka tambayi mutumin dalili, ya na da amsa a shirye: wai so ya ke ya hayayyafa shi a ɗakin gwaje-gwaje, ya cika kasuwa da shi, ya samu kuɗi, sannan in ya yi arha babu wanda zai sake wahalar zuwa daji sata. Ka ji fa. Sata don a kashe sata.

Kada ka yi saurin dariya. Tambayar da ke ƙarƙashin maganar tasa ita ce ta sa na ɗauki alƙalami a wannan watan: shin son da ka ke wa abu ya na ba ka haƙƙin mallakar sa? Kai da ka karanta littattafan soyayya ba adadi, ai ka san saurayin nan da ke rantsuwa cewa babu wanda ya kai shi son yarinya, don haka in bai same ta ba sai dai a fasa kowa ya rasa. Kullum marubuci shi ya ke ba matsayin mugu, mu kuma mu yarda. Amma in abin son ba mutum ba ne, tsiro ne da ba ya magana, ba ya kuka, ba ya da iyayen da za su kai ƙara, sai ka ga hukuncin namu ya yi laushi.

Bari in ɗan gabatar maka da shi, don ba lallai ne ka san shi da wannan sunan ba. Dangin okid na daga cikin mafi girma a duniyar tsirrai, sun kai nau'i wajen 28,000, kuma in ban da Antatika babu nahiyar da ba su. Banila da ke sa ƙamshi a askirim da kek daga ɗaya daga cikin su ake samun ta. Da yawan su a kan bishiya su ke rayuwa, kamar yadda ka ke ganin kauci, sai dai akwai bambanci babba: kauci tsotson bishiyar ya ke yi, okid kuwa wurin zama kawai ya ara, ruwan sa daga sama da raɓa ya ke samu. Irin sa kamar ƙura ya ke, kwanso ɗaya kan ɗauki dubbai har zuwa miliyoyi, amma babu guzurin abinci a cikin ƙwayar. Ba za ta tsiro ba sai ta faɗi daidai inda wata irin funfuna mai zare-zare ta ke, ita ce za ta ciyar da ita. Daga nan kuma sai an yi shekaru kafin a ga furen fari. Saboda haka wanda ya tumɓuke okid a daji, ya tumɓuke sa'ar da ba ta cika maimaituwa ba.

A Ingila aka fara haukan. A 1818 wani William Swainson ya aika da tsirrai daga Birazil, ɗaya daga ciki ya yi fure a hannun William Cattley, kyan sa ya gigita masu kuɗi, har aka raɗa wa jinsin suna Cattleya. Kafin ƙarnin ya ƙare, attajiri bai cika attajiri ba sai ya na da ɗakin gilashi cike da okid. Frederick Sander na garin St Albans, wanda ake wa kirari da sarkin okid, ya riƙa tura mafarauta zuwa Kudancin Amurka da Asiya. Wani mafaraucin, Albert Millican, ya ba da labarin kan sa a littafin da ya fitar a 1891: a Kolombiya ya sa an sare bishiyoyi wajen 4,000 don ya tattaro okid wajen 10,000. Kuma tsirran da ake lodawa a jirgin ruwa a wancan zamani, da yawa a hanya su ke ruɓewa. Wasu mafarautan in sun ɗebi iya ɗiban su sai su lalata sauran, don kada abokin hamayya ya samu. A fasa kowa ya rasa ke nan, ba a littafi ba.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne mutanen da ke sayen nan ba maƙiyan fure ba ne. Sun fi ni da kai sanin sa. Su na tashi da tsakar dare su duba zafin ɗaki. In ka ce masu ɓarna su ke yi, za su ji haushi da gaske, don a zuciyar su ƙauna ce.

Kuma hujjar su ba ta banza ba ce gaba ɗaya, gaskiya ɗaya ce. Mai tara okid zai ce maka: dajin nan ai sare shi ake yi, gobe manomi zai banka masa wuta ya shuka masara, to wanne ya fi, furen ya ƙone ko ya rayu a tukunya ta? Akwai nau'o'in da yau sun fi yawa a tukwane fiye da a mahaifar su. Sannan wanda ke hawa dutse ya ciro furen galibi talakan ƙauye ne da ke neman na cefane. Kai da ka ƙoshi, da wane baki za ka ce ya bar kuɗi a jikin dutse saboda kyan gani?

Na yarda da rabin maganar. Talakan nan ban ga laifin sa sosai ba. Amma dubi abin da ya faru a Peru a 2002. Wani Ba'amurke, Michael Kovach, ya tsaya a wata rumfa a bakin hanya a arewacin ƙasar, ya ga wani okid mai ruwan hoda da shunayya, faɗin furen ya kusa tafin hannu a buɗe, wanda masana ba su taɓa rubutawa ba. Ya saya, ya shigo da shi Amurka, ya kai lambun bincike na Marie Selby a Fulorida, cikin 'yan kwanaki aka buga bayanin sa da sunan kovachii, wato an liƙa masa sunan mutumin. Alhali yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973 ta fara aiki a 1975, ta hana cinikin irin wannan jinsin daga daji zuwa wata ƙasa. A 2004 kotu ta ci Kovach tarar dala 1,000, lambun kuma dala 5,000. Kafin nan labari ya riga ya bazu, an bi wuraren farko da aka san furen na tsirowa an kwashe su kusan tas. Ba wutar manomi ce ta ci su ba. A Biyetnam ma haka aka yi wa wani da aka bayyana a 2010, cikin watanni aka kusa ƙarar da shi. Mai ceto da ke isowa kafin gobara, ya kwashe kayan gida ya tafi da su, sunan sa daban ne a Hausa.

Ga kuma inda hujjar ta ƙarasa rushewa a gani na. Tun 1922 wani masani Ba'amurke, Lewis Knudson, ya gano yadda za a tsirar da irin okid a cikin kwalba, a kan wani abinci mai sukari, ba tare da funfunar nan ba. A 1960 Bafaranshe Georges Morel ya nuna yadda za a yanki ɗan tsurut daga tsiro ɗaya a fitar da dubbai masu kama da shi sak. Yau gonakin Taiwan da Holan da Tailan na fitar da miliyoyi, okid ya koma kayan kanti. Wanda aka fi sayarwa, Phalaenopsis, mai kama da malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai, furen sa kan yi wata biyu ko uku bai yi yaushi ba. Wallahi in aka ajiye maka shi kusa da na dajin da ake fasa-ƙwaurin sa, ba lallai ka ce na dajin ya fi kyau ba. To me ya sa har yanzu ake biyan maƙudan kuɗi a kan na sata? Saboda na kanti kowa na da shi. Ashe ba kyan ake so ba, a ce "ni kaɗai" ake so. In ka na son ka gwada kan ka, tambayar ke nan: da a ce gobe furen nan ya cika kowane gida a unguwa, zai ci gaba da burge ka?

Mai renon okid a gida, na halas, wanda aka haifa a gona, ya na koyon wani abu da mafarauci bai sani ba. Ba a sa shi a ƙasa, sai a ɓawon itace ko gawayi ko ɓawon kwakwa, don saiwar na son iska. Ba ya son rana ta buge shi kai-tsaye, haske ta bayan labule ya ishe shi. Ruwa kamar sau ɗaya a mako, a bar shi ya tsiyaye. Kuma abin da ya fi kashe shi a hannun sabon shiga ba mantuwa ba ce, yawan ban-ruwa ne. Mutum ya kasa haƙuri, kullum ya na kan sa da buta, saiwa ta ruɓe a ɓoye ganye na nan kore, sai ranar da abin ya kife. In furen ya zube kuma, sai ka yi watanni ka na hidimar ganye huɗu da ba su da wani abin kallo. Mai gaggawa a nan ya ke jefar da tukunyar.

To sai mai kyamara ya ɗaga hannu ya ce, ni dai na tsira, ban tsinka ba, ban tumɓuke ba, hoto kawai na ɗauka. Na so in ba shi gaskiya nan take, don ni ma ɓangaren sa na fi karkata. Hoto ya yi wa furanni alheri mai yawa. Fatalwar nan ta Laroche, an daɗe ana zaton wani ƙwaro guda ne kaɗai ke yi mata barbara, sai da masu ɗaukar hoto irin su Carlton Ward da Mac Stone suka kafa kyamarori a saman bishiyoyi suka yi ta jira, aka bayyana a 2019 cewa ƙwarin dare masu ziyartar ta sun fi ɗaya. Babu wanda ya cire ko saiwa.

Amma kyamara ma ta na da ƙafa. Mai neman hoto na kusa sai ya durƙusa, ya kwanta, ya take ƙananan tsirran da ba su kai ga fure ba, waɗanda ido ba ya lura da su, ya daddaɓe ƙasar da funfunar ke ciki. Mutum ɗaya ba komai, amma na bayan sa fa? A 2019 furannin daji suka rufe tsaunukan Walker Canyon a Kalifoniya, hotuna suka bazu a Instagram, dubun dubatar mutane suka yi dafifi, ana barin hanya ana kwanciya a kan furannin don a fito da kyau, har hukumar garin ta rufe wurin na ɗan lokaci. Da furannin suka dawo a 2023, rufe shi aka yi tun farko. Sannan wayar da ke aljihun ka kan liƙa wa hoto adireshin inda aka ɗauke shi, ɓarawo kuwa ba ya buƙatar fiye da haka. Kuma in za mu faɗa wa juna gaskiya, mai cewa "ni na fara ɗaukar sa" da mai cewa "ni kaɗai ke da shi" uwar su ɗaya. Bambancin su, wanda ba ƙarami ba ne, shi ne na farko zai iya samun abin da ya ke so ya tashi ya bar furen da rai, in ya iya taka-tsantsan kuma ya iya riƙe bakin sa.

Riƙe bakin nan ne ya ceci wani okid a Ingila, ƙasar da ta fara haukan. Ana kiran sa takalmin uwargida, saboda leɓen furen rawaya ne mai kama da silifas. Masu tara furanni da masu lambu suka yi ta haƙar sa har aka ayyana cewa ya ƙare a ƙasar a 1917. A 1930 aka ga guda ɗaya tak a wani lungu a tsaunukan Yorkshire. Waɗanda suka sani suka yi gum. Daga baya aka kafa kwamiti musamman saboda wannan tsiro ɗaya, aka riƙa sa masu gadi a lokacin furen sa. Daga shekarun 1980 masanan lambun Kew suka shiga aikin tsirar da irin sa a kwalba, aka riƙa mayar da 'ya'yan daji, har aka ware wuraren da jama'a za su je su gani su ɗauki hoto, don a bar uwar ta huta. A 2024 aka tarar da wani sabo ya tsiro da kan sa a ɗaya daga wuraren da aka yi dashen, ba hannun kowa.

Ita kuwa Susan Orlean, ta shiga fadamar Fakahatchee, ta sha cizon sauro da tsoron kada, ta bi Laroche har su ka ɓata a ciki. Har ta rufe littafin ta ba ta ga fatalwar da fure ba. A fim ne kawai aka nuna mata ita.