IKIRARI DA RANTSUWA: KADA A KAMA MUTUM DA BAKINSA BISA TILAS

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da Alayensa da Sahabbansa.

Bayan haka, wani mai karatu daga Maigatari ya aiko da tambaya. Ya ce tun da ya bar jam'iyyarsu, wani tsohon abokin tafiyarsa ya kai shi ƙara a kan kuɗin da suka yi hulɗa da su lokacin zaɓe. To, ga shi ana yi masa waɗansu tambayoyi waɗanda in ya amsa, ana iya juya maganar ta koma tuhumar laifi. Shin ko Shari'a ta yarda ya kame bakinsa?

Wannan tambaya ta shafi duk ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Wanda ya ga rikicin gonakin Gagarawa na wajen 2016 da 2017, sa'ad da manoma suka ƙi yarda da ba wani kamfani filayensu don noman rake, ya san yadda maganar dukiya kan rikiɗe ta zama ta siyasa. Dattawa kuwa ba su manta da yadda aka riƙa ɗaure 'yan NEPU a kotunan En'e ba kafin 1960.

Malamanmu na Malikiyya sun raba al'amarin gida biyu. Na farko haƙƙin Allah ne, kamar haddin zina da na shan giya. A nan Shari'a ba ta farautar ikirarin kowa. Ma'izu ɗan Maliki ya zo da ƙafarsa ya faɗi laifinsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta kau da kai har sau huɗu, ya kuma bincika ko da taɓin hankali ko maye. Har wa yau ya nuna wa Hazzalu, wanda ya turo shi, cewa da ya rufa masa asiri da ya fi. Sabo da haka wanda ya yi ikirari a haddi sa'an nan ya janye, an karɓi janyewarsa. Wannan na daga cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta kafa a 2003, da ta soke hukuncin jefewa da aka yanke wa Amina Lawal.

Na biyu haƙƙin mutane ne, kamar bashi da gona da amana. A nan fa shiru ba ya fid da mutum. Kawo shaidu yana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa. In wanda a ke ƙara ya noƙe wa rantsuwa, sai a mayar da ita kan mai ƙara, ya rantse ya karɓi abinsa. Muhtasar na Shehu Halilu ya nuna wanda ya ƙi amsawa ya kuma ƙi musawa, alƙali zai tsare shi, in ya doge a yanke hukunci a kansa. Ko ɓarawon da ya janye ikirarinsa, hannunsa ya tsira, amma sai ya biya dukiyar mutane.

Dokokin zamani ma sun bi kusa da wannan hanya. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 36, ya hana a tilasta wa wanda a ke yi wa shari'ar laifi ya ba da shaida. A Amurka, Donald Trump ya ƙi amsa ɗaruruwan tambayoyi a watan Agusta 2022 cikin binciken dukiyar kamfaninsa a New York, alhali dokarsu ta yarda a ƙarar dukiya alƙali ya ɗauki irin wannan shiru abin zargi.

Amma abin da babu sassauci a cikinsa shi ne tilas. Aya ta 106 ta Suratun Nahli ta ɗauke laifi daga wanda aka matsa wa har ya furta kalmar kafirci alhali zuciyarsa na natse da imani. In kalma mai girma haka ba ta lizimci wanda aka tilasta ba, ina ga ikirarin kuɗi? An ruwaito daga Sayyidina Umaru cewa wanda aka bari da yunwa, ko aka ɗaure, ko aka doka, ba a dogara da abin da ya faɗa a kan kansa. Gaskiya ne waɗansu malamai, kamar Sahnunu, sun sassauta game da wanda ya shahara da ɓarna. Sai dai sauya jam'iyya ba ɓarna ba ce, kuma abokin hamayya ba ɗan fashi ba ne.

To, ɗan'uwa mai tambaya, ga amsarka. In ka san kuɗin nan na wuyanka, ka amsa ka biya, domin aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta umurci mumini ya tsaya kan gaskiya ko da a kan kansa ne. In ba ka ci ba, ka musa ka rantse, ba tare da tsoro ba. Tambayar da ta fita daga ƙarar kuwa, wadda aka ɗana don a jefa ka kurkuku, ba dole ne ka amsa ta ba. Ka nemi shawarar lauya da malami tukuna.

Ku kuma alƙalai da 'yan sanda da masu mulki, ku tuna aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar waɗansu mutane ta sa a bar adalci. Mulki rawar 'yan mata ne, na gaba ya koma baya, kuma igiyar da ka murɗa wa wani bana da ita za a ɗaure ka baɗi. Akwai ranar da za a rufe bakuna, hannuwa da ƙafafu su yi magana. Wannan iko na Allah ne Shi kaɗai, bai ba wani sarki ko gwamna ba.

Allah Ya sa mu dace, Ya kiyashe mu da cin haƙƙin bayinSa, amin.