Salimata da Iyakar Ƙaddara

Daga cikin tambayoyin da ilmin tauhidi ya daɗe yana juyawa akwai wadda ta shafi iyakar da ke tsakanin abin da Allah ya ƙaddara wa bawa da abin da mutane suka jawo masa da hannunsu, domin ƙaddara, wato hukuncin da ya gabata a ilmin Allah game da kowane abin halitta, ba ta ɗauke wa mai zalunci alhakin aikinsa, ko da yake sau da yawa a bayanta azzalumi yake fakewa. Adabi yana da hanyarsa ta shiga wannan tambaya, kuma ba kasafai ake samun inda ya shige ta da zurfi kamar a labarin Salimata ba, matar da Ahmadou Kourouma, marubucin Kodebuwa da aka haifa a 1927 ya rasu a 2003, ya zana a littafinsa na farko, Les Soleils des indépendances, wanda aka fara bugawa a Montreal a 1968, sannan a Faris a 1970.

Kourouma bai ambaci Abijan da suna ba, amma wanda ya san birnin zai gane shi, saboda ga tafki da ya raba unguwar Turawa da ta baƙaƙen fata, ga gada, ga kwalekwalen da ke ƙetare da talakawa da asuba. Haka Treichville take a kudu da tafkin Ebriye, tana fuskantar unguwar Filato, Adjame kuma tana daga arewa, kuma tun da aka buɗe mashigin Vridi a 1950, wanda ya ba manyan jiragen ruwa hanyar shiga tafkin, Treichville da Adjame suka cika da baƙi 'yan ci-rani daga arewa, Malinke da Mosi da Zabarmawa da Hausawa. Rayuwar mazan cikinsu ta sami mai ba da labarinta tun 1958, lokacin da Jean Rouch ya fitar da fim ɗin Moi, un noir a kan samarin Nijar masu dako a Treichville, inda Oumarou Ganda ya fito. Matan da suke dafa wa waɗannan leburori abinci su ne ba a cika tambayar abin da ke ransu ba, kuma Salimata ɗaya ce daga cikinsu.

Salimata Bamalinkiya ce, matar Fama Doumbouya, ɗan sarautar da mulkin mallaka da siyasar bayan 'yancin kai suka raba shi da gadon gidansu, har ya koma yawon zaman makoki don samun rabon sadaka. Ita ce take ciyar da gidan, tana tashi kafin kiran assalatu ta dama kunu, ta shiga kwalekwale ta kai wa ma'aikata, da rana kuma ta koma da shinkafa, tana ba marasa aiki bashin da ta san da wuya a biya. Ba ta taɓa haihuwa ba, kuma wannan rashi ya cinye tunaninta, ya tura ta ga layu da rubutun sha da turare da sadakoki, har ta kai ga cikinta ya kumbura tsawon watanni ba tare da ɗa a ciki ba, abin da likita ya danganta ga damuwar zuciya, jama'a kuma suka danganta ga aljanu.

A nan tambayar tauhidi take tasowa. Rashin haihuwa, a fahimtar Musulunci, ba laifin kowa ba ne, domin ayoyi na 49 da 50 na Suratush Shura sun sanya bayar da 'ya'ya mata ko maza, da hana su, a hannun Allah shi kaɗai, kuma Annabi Zakariyya da Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare su, sun jira zuriya har tsufa ba tare da hakan ya rage darajar matansu ba. Da a ce rashin ɗa ne kaɗai damuwar Salimata, da haƙuri ya wadatar a matsayin amsa. Sai dai marubucin ya jera wa mai karatu, ta hanyar tunanin da ke faɗo mata tana cikin aiki, abubuwan da ba daga sama suka sauko ba. An yi mata kaciya tana budurwa har ta suma saboda zubar jini, kuma a daren da aka kwantar da ita jinya a ɗakin boka Tiécoura aka yi mata fyaɗe, dangi kuma suka ce aljani ne, saboda ɗora laifi a kan aljani ya fi musu sauƙi da tuhumar mutumin da suke tsoro. An aurar da ita ga Baffi ba da sonta ba, da ya mutu aka miƙa ta ga ɗan'uwansa bisa al'adar gadon mace, wato mayar da bazawara wani kaso na dukiyar mamaci, al'adar da Suratun Nisa'i ta hana a fili, ɗan'uwan kuma ya kulle ta har sai da ta gudu cikin dare ita kaɗai ta daji. Kowane ɗaya daga waɗannan yana da mai aikata shi, mai suna da fuska, amma al'ummar da ke kewaye da ita ta haɗa su duka da rashin haihuwar ta kira su rabonta.

Wurin da ya fi ɗaga hankali a littafin shi ne inda ibadar Salimata kanta ta zama ƙofar cutar da ita. Ta raba ragowar shinkafarta sadaka a kasuwa tana fatan Allah ya dube ta, sai mabarata suka yi mata rubdugu suka kwashe cinikinta. Ta nufi malamin tsibbu Abdoulaye, wato malamin da ke haɗa addu'a da duba da yanka, shi kuma ya gaya mata cewa matsalar daga mijinta take, magana mai kama da gaskiya wadda ba wanda ya taɓa yarda a furta, amma ya faɗe ta ne don ya sami hanyar kai hannu jikinta, har sai da ta kare kanta da wuƙa. Kuskure ne a karanta wannan a matsayin suka ga imani, domin imanin Salimata shi ne abu mafi tsabta a littafin. Abin da ake tuhuma shi ne masu cin abinci da raunin mace mai neman ɗa, waɗanda har yau ba su ƙare ba a Adjame ko a Kano.

Adabin Hausa yana da shaidar da ke ƙarfafa wannan karatu. Rabi, a littafin Balaraba Ramat Yakubu mai suna Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, 'ya'ya tara ta haifa wa Alhaji Abdu, amma hakan bai hana shi korarta da su ba bayan ya auro Delu, Rabi ma kuma da sayar da abinci ta riƙe kanta kamar Salimata. Idan juya da uwar 'ya'ya tara suka tsinci kansu a kaɗaici iri ɗaya, to, ba mahaifa ce tushen kaɗaicin ba, tushensa shi ne tsarin da ke auna mace da amfanin da miji yake samu daga gare ta. Mahaifiyar Shaihu Umar, a littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934, ta fita neman ɗanta ita kaɗai, aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa zuwa ƙetaren Sahara, kuma a nan ma hannun mutane ne, ko da yake littafin ya fi karkata ga nuna al'amarin a matsayin hukuncin Ubangiji.

Akwai abin da ya kamata a riƙe Kourouma da shi. Bayan ya buɗe zuciyar Salimata a kashi na farko da irin kulawar da ba a saba gani ba daga marubuci namiji na zamaninsa, sai ya janye daga gare ta, ya mayar da ita kishiya mai faɗa da Mariam, matashiyar bazawarar da Fama ya gado daga ɗan'uwansa Lacina ya kawo ɗaki ɗaya da ita. Sa'ad da aka ɗaure Fama bisa zargin makirci ga gwamnati, daga bakin wasu mai karatu yake jin cewa Salimata ta koma wurin Abdoulaye, mutumin da ta taɓa yanka da wuƙa, tana bin begen haihuwa. Wannan shi ne mataki mafi nauyi a rayuwarta, wanda ya ƙunshi tambayar ko yanke ƙauna ne ko kuwa zaɓi na farko da ta yi wa kanta, amma marubucin bai bar ta ta faɗi dalilinta ba, ya bi Fama zuwa kan iyaka inda kada ya yi ajalinsa.