Wa Zai Zama Yahuza Bana?

A garin Azare, kamar sauran garuruwan ƙasar Katagum, hirar fim ta zama abin raba dare. A teburin mai shayi, a shagon aski, a ɗakunan ɗalibai na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, har cikin motar haya da ta kama hanyar Jama'are zuwa Kano, da wuya a rasa mutum biyu suna gardama a kan wane ɗan wasa ya iya, wane ne darakta ya yi kuskuren ɗauka. Gidajen masu bi ma ba a bar su a baya ba. Bayan cin tuwon dare, uwa da 'ya'yanta sukan zauna gaban talabijin, kowa na jefa tasa, maigida kuma da ya ce shi ba ruwansa da fim, sai a ji ya tsoma baki daga inda yake kishingiɗe.

A shekarar 2022, lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina na darakta Aminu Saira, aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, masu kallo sun rabu biyu, an kuma kwashe makonni ana tafka muhawara. Wanda ya kasa kunne da kyau a irin wannan muhawara zai ji magana iri biyu suna fitowa daga baki ɗaya. Ta fari ita ce: wance ta fi iya kuka, muryar wance ta fi dacewa da labarin, canjin fuska a tsakiyar shiri yana rikita mai kallo. Ta biyu kuwa takan biyo baya ba tare da sallama ba: ai daga ganin idon wannan ka san ba ta da kunya, wancan kuma da yake fitowa a mugu, halinsa ne na gaskiya yake nunawa.

Magana ta fari ba ta da aibi. Wanda ya kai hajarsa kasuwa ya yarda a taya, a kuma kushe. Ɗan wasa ya sayar da aikinsa ga jama'a, jama'a kuwa sun biya da kuɗinsu da lokacinsu, saboda haka suna da ikon su ce aikin bai yi kyau ba. Iyalin da ke iya zama su tattauna dalilin da ya sa wani labari ya ratsa zuciya, wani kuma ya zama shirme, suna koya wa yaransu rarrabe abu mai kyau da marar kyau, wannan kuwa riba ce. Yaron da bai taɓa jin babba ya soki abin da ke cikin akwatin talabijin ba, zai tashi yana haɗiye duk abin da aka miƙo masa.

Magana ta biyu ce ke da wuyar sha'ani, domin masu yinta suna da hujjoji, hujjojin kuma ba na banza ba ne. Sukan ce hira ce kawai. Wanda ake zancensa yana Kano ko Kaduna, bai san da zaman masu hirar ba, maganar ba za ta taɓa isa kunnensa ba, to wa aka cuta? Sukan ƙara da cewa shi ya fito da kansa bainar jama'a, wanda kuwa ya shiga rawa ba ya hana a kalle shi.

Hujjar nisa ta riga ta raunana tun da wayar hannu ta shiga kowane aljihu. Abin da aka faɗa a Azare da magariba yana iya kaiwa Kano kafin a kwanta. Amma ko da maganar ba ta fita daga zauren da aka yi ta ba, akwai wanda ya ji ta. Mai faɗa ya ji, yaran da ke zaune a tabarma sun ji. Abin da suka koya a daren nan shi ne ana iya karanta zuciyar mutum daga fuskarsa, ana kuma iya yanke wa mutum hukunci ba tare da shaida ba, muddin ba ya nan. Harshen da ya saba da haka a kan baƙon da ke cikin allo ba zai canja hali ba ranar da zance ya juyo kan maƙwabciya ko matar fasto. Game da hujja ta biyu kuwa, abin da ɗan wasa ya kawo kasuwa aikinsa ne. Bai kawo aurensa ba, bai kawo mutuncin iyayensa ba.

Zargin 'yan wasa ba a ƙasar Hausa aka fara shi ba, ikilisiya ma tana da nata tarihi a ciki. Kalmar Helenanci da aka fassara da "munafuki" a cikin Linjila, asalinta sunan ɗan wasan dandali ne, wanda yakan sa fuskar aro ya yi magana da muryar wani. A farkon ƙarni na 4, taron shugabannin ikilisiya da aka yi a Elbira ta ƙasar Sifen ya yanke cewa ɗan wasan kwaikwayo da ke son shiga bangaskiya sai ya bar sana'arsa tukuna. A Faransa, da shahararren marubucin wasannin ban dariya Molière ya mutu a 1673, da ƙyar aka yarda aka binne shi, shi ma da dare. Mutanen wancan zamani suna da dalilinsu, gama dandalin Romawa ya cuɗanya da bautar gumaka da batsa. Duk da haka akwai bambancin da ya kamata a riƙe. Ɗan wasa ya sanar da kowa cewa fuskar aro ya sa. Sunansa na gaskiya yana rubuce a ƙarshen fim. Munafuki shi ne wanda ya sa fuskar aro ya rantse tasa ce. Wanda ya kwaikwayi ɓarawo a gaban kyamara bai yaudari kowa ba. Mai kallon da ya tashi daga nan ya ce lalle mutumin ɓarawo ne, shi ne ya faɗi abin da ba haka ba.

Wasan ban dariya yana da tasa matsala dabam. Dattawa suna tunawa da Samanja Mazan Fama, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya yi ta yi a rediyo da talabijin na Kaduna tun shekarun 1970. Mutumin Banufe ne, tsohon soja ne kuma, saboda haka Hausar bariki da yake karyawa da tsawar da yake yi wa kurata, gidansu yake kwaikwayo. Sojoji da kansu suna cikin masu dariya. Ya rasu a watan Nuwamba na 2023. Rabilu Musa Ibro, ɗan ƙasar Wudil da duk mai zuwa Kano daga Azare yake ratsawa, ya yi shekaru yana sa talaka dariya da wauta da wayon talaka, har rasuwarsa a watan Disamba na 2014. Mutane da yawa da suka sha dariyarsa sun ɗauka shi ma wawa ne, alhali kuwa ba a kwaikwayon wawa har a riƙe jama'a shekara da shekaru sai da kaifin basira.

Ƙasar Katagum ta san barkwanci tun kafin zuwan fim. A da ta yi maƙwabtaka da ƙasar Barno, wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari kuwa abin yau da kullum ne a kasuwa da wurin biki. Amma wannan wasa yana da ƙa'ida: wanda aka tsokana yana tsaye a wurin, yana da bakin ramawa, a ƙarshe kuma su ci abinci a kwano ɗaya. Dariyar da iyali ke yi wa gurguwar Hausar wata ƙabila a cikin fim ba ta da wannan ƙa'ida, domin babu mai ramawa. Masu bi a arewa ya kamata su fi kowa gane wannan, gama ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa cike suke da mutanen da Hausa ba harshen uwarsu ba ne. Yaron da ya kwana yana dariyar karin harshen wani a talabijin, da safe zai ji irin wannan karin a bakin dattijon da ke karanta nassi a gaban jama'a, ko a bakin kakarsa.

Inda zancen ya fi matsowa kusa shi ne lokacin Kirsimeti da Ista, sa'ad da matasa da malaman makarantar Lahadi ke raba matsayi don wasan kwaikwayo. A nan masu sukar daraktocin Kano su ne suka zama daraktoci. Sau da yawa ba a tsayawa dogon tunani. Yarinya mai hasken fata, 'yar gidan da ake ganin girmansa, ita ce Maryamu. Mala'iku su ne yara masu tsabtar kaya. Hirudus da sojojin Roma sai a nemo masu ƙaton jiki da murya. Yahuza kuwa, sai idanu su juya kan yaron nan baƙi mai rashin ji, wanda aka taɓa kama shi da laifi, wanda ba shi da babba a kwamiti. A yi dariya, a ce ai ya dace da shi. Wasan minti talatin ne, amma sunan yakan bi yaro shekaru. Akwai waɗanda suka girma, suka yi aure, tsaransu ba su daina kiransu da shi ba. Ba a yi nufin mugunta ba, an dai yi amfani da ma'aunin nan da aka saba da shi a gaban talabijin.

Hatta fuskar Yesu da mutane da yawa ke gani a zuci, zaɓin darakta ce. Fim ɗin rayuwar Yesu na 1979, wanda aka ɗauko daga Linjilar Luka, aka juya shi zuwa Hausa da harsuna fiye da dubu, aka kuma yi ta haska shi da majigi a ƙauyuka, wani Baturen Ingila ne mai suna Brian Deacon ya fito a cikinsa. Marubutan Linjila huɗu ba su faɗi tsawon Yesu ko launin fatarsa ba. A daren da aka kama shi, sai da aka shirya alama ta sumba kafin 'yan kamu su tabbatar da wanda suka zo nema a cikin mutanensa.

Labarin Yahuza kansa ya fi wannan ban tsoro. Shi ne ma'ajin almajiran, jakar kuɗi tana hannunsa, ba a kuwa danƙa wa mutum kuɗi sai an amince da shi. Da Yesu ya ce ɗaya daga cikinsu zai bashe shi, babu wanda ya nuna Yahuza da yatsa. Kowa kansa ya fara tuhuma. Ko da ya tashi ya fita cikin dare, waɗansu sun zaci sayayyar idi aka aike shi, ko kuwa ya kai wa matalauta taimako. Mutanen da suka yi shekaru suna ci suna sha tare da shi ba su ga komai a fuskarsa ba.

Saboda haka kwamitin da ke son wasan Ista ya yi daidai da abin da aka rubuta, ba yaron da kowa ke zargi zai ba matsayin ba. Zai nemi wanda iyaye ke misali da shi, mai ladabi, mai zuwa sujada da wuri, wanda ake ba ajiyar kuɗin ƙungiyar matasa. Wataƙila mahaifiyarsa ta zo har gidan fasto ta ce ba ta yarda ba, ɗanta bai yi kama da Yahuza ba. Sai a zaunar da ita, a ba ta ruwa, a buɗe mata Yohanna sura 13.