Gidan da Aka Saya da Rani

A Ingila da Amurka cinikin gida yana bin yanayi. Daga Afrilu zuwa Satumba masu neman gida kan yi yawa, farashi ya ɗan ɗaga. Hunturu na shigowa kasuwa ta kwanta. Masana tattalin arziki biyu, Rachel Ngai da Silvana Tenreyro, sun bi diddigin abin a nazarin da suka wallafa a 2014. A cewarsu, iyalai sun fi son ƙaura lokacin hutun makaranta, kuma idan gidajen sayarwa suka yi yawa, mai saye ya fi samun wanda ya kwanta masa a rai, sai ya yarda ya ƙara kuɗi. Wani nazarin a Amurka ya gano cewa gida mai wurin ninƙaya ya fi tsada idan an yi cinikinsa da zafi, alhali mai sayen ya san sanyi na tafe.

A ƙasar Hausa kaka ce ke buɗe kasuwa. An sayar da amfanin gona, bukukuwan aure sun kankama, hanyoyin sababbin unguwanni sun bushe, dillali na iya kai mutum har ƙofar gida a kan babur. Da damina kuwa kuɗi sun tafi taki da ƙwadago, hanya ta caɓe, masu zuwa ganin gida sun ragu. Amma shawarar da manya ke ba yaro sananniya ce: in za ka sayi gida ko fili, je ka gan shi da marka. A watan Agusta ne ake sanin rufin da ke yoyo, da bangon da ke tsotsar ruwa, da filin da asalinsa kududdufi ne aka cike da shara, irin waɗanda aka yi gini a kansu da dama a birnin Kano.

To, ga tambayar. Mutum ya san ruwa na kwanciya a tsakar gidansa duk shekara. Ya jira Janairu, ya yi yaɓe, ya shafa fenti, ya sallama wa baƙo. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, don ba a tambaye shi ba. Kuɗin nan halal ne?

Hadisin da malamai ke fara kawowa a wannan babi shi ma maganar ruwan sama ce. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannu cikin tsibin, ya ji danshi. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya nesanta kansa daga mai algus. Abin lura, ba a zargi mutumin da jiƙa hatsin ba. Ruwa na Allah ne. Laifinsa yana wajen jera kaya yadda ido ba zai kai ga aibin ba, kuma fentin Janairu aikin da yake yi ke nan.

Malaman Malikiyya, waɗanda Risala da Mukhtasar ɗinsu ake karantawa a zaurukan Kano da Katsina da Damagaram, sun tsaya a kan gida musamman. Ƙaramin aibi ba ya ɓata ciniki. Matsakaici, kamar tsagewar bangon da ba a tsoron faɗuwarsa, mai saye zai riƙe gidan a mayar masa da kuɗin da aibin ya rage. Babba kuwa, wanda yawanci ake auna shi da sulusin farashi, yana ba shi damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Har rijiya mai gishiri a unguwar da ruwanta ke da daɗi sun lissafa. Kuma wanda ya san aibi dole ya ambace shi da sunansa. Cewa “ka gani da idonka, in an saya ba a mayarwa” ba ta wanke shi.

Dokar Ingila, wadda kotunan Najeriya suka gaji tushenta, ta faro daga wani gefen ne: mai saye ya buɗe idonsa. Duk da haka, ko a can takardar da mai sayarwa ke cikawa tana tambayar ko ruwa ya taɓa shiga gidan, kuma wanda ya yi ƙarya a ciki ana iya kai shi ƙara.

Dillalai suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce kowa ya san lokacin kasuwa, mai rago ma Babbar Salla yake jira. Gaskiya ne. Jiran lokacin da masu saye suka yi yawa ba laifi ba ne. Annabi da kansa ya ƙi ƙayyade farashi a Madina da aka roƙe shi. Sai dai rani yana yi wa mai gida aiki biyu: yana kawo masu kuɗi, yana kuma rufe aibi. Na farko ribar kasuwa ce. Na biyu kuɗi ne da mai saye ba zai bayar ba da ya san abin da maƙwabta suka sani. Dillalin da ya karɓi la'ada yana sane shi ma yana ciki, don da bakinsa aka yi shirun.

Inda abin ke da wuya shi ne ruwan da ba kullum yake zuwa ba. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri; rabon da birnin ya ga irin haka tun 1994. Shekara talatin tsakani. Wanda zai sayar da gida a unguwar Gwange yau, ruwan nan aibi ne a gidansa ko ƙaddara ce da ta faɗa wa gari? Wasu za su ce labari ne da duniya ta ji, ba ɓoyayye ba ne. Amma duniya ta ji labarin gari ne, ba ta ji inda ruwa ya tsaya a bangon wannan ɗaki ba, ko kwanakin da tushen ginin ya yi a jiƙe. Wannan mai gida kaɗai ya sani, shi da mai unguwa da maƙwabta, kuma ma'aunin malaman fiƙihu shi ne ko abin yana rage farashi a idon masu saye. A unguwannin da ke bakin kogin Ngadda, bayan 2024, da wuya a sami mai saye da zai ce bai damu da sanin tsayin ruwan ba.